Goron Baikon da Ya Yi Wata Bakwai a Ɗakina

Da za a ce in zaɓi rana ɗaya a mayar mini in gyara, ba zan tafi can ƙuruciyata ba, ko da yake can ma akwai ɓarna. Wata Asabar zan zaɓa, shekara huɗu da suka wuce, ranar da aka kawo goron baikon 'yar ƙanina. Na karɓa da hannu biyu, na yi addu'a, kowa ya shafa. Da baƙi suka tafi, maimakon in kira mata su raba wa dangi da maƙwabta, sai na ɗauke shi na shiga ɗaki na tura ƙarƙashin gado. Wata bakwai ya yi a wurin. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi mini haƙuri. Abin da ke ciki dai haka ya faru.

Ƙanina ya rasu ya bar yarinyar tana shekara tara. Gidanmu ɗaya, danga ce kawai tsakanin sashensa da nawa, gonakinmu ma layin gamba ne ya raba su. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka ban taɓa kiranta da suna ba, Uwata nake ce mata. Ta tashi a gabana, tana ɗinki da safe, da yamma ta koyar da ƙananan yara a Islamiyyar unguwa. Wata rana ta zo ta durƙusa ta ce mini ta samu gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma a birni.

Na ce, "Uwata, ke da ba kya iya kallon yankan kaza?"

Ta ce, "Baffa, ai kazar ba taimakonta ake yi ba."

Na sa mata albarka.

Wanda yake nemanta malamin firamare ne a wani ƙauye kan hanyar Shanono. Na yi bincikena kamar yadda waliyyi ya kamata ya yi, ban ji komai ba sai alheri. Asalinsu Barebari ne, amma kakansa ne ya zo, su duk a nan aka haife su, Barbarcinsu bai wuce gaisuwa ba. Shi ma maraya ne. Baffansa ne ya riƙe shi, wani dogon tsoho mai sayar da busasshen kifi a kasuwannin ƙauye. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, kuma tun ranar da tsohon nan ya ji haka bai sake kirana da komai ba sai Bafulatani.

Shi ya jagoranci masu kawo goron. Bayan kaka ne, an gama ɗaure dawa, sabon goro ya shigo kasuwa. Ya ajiye kwandon a gabana a zaure ya ce, "Bafulatani, ga goro ƙwarya biyu, ga alewa. Ka duba da kyau, na san ku ba ku gane komai ba sai shanu."

Na ce, "Mai sanin shanu ai ya fi mai shinshinar kan kifi."

Aka yi dariya, aka yi addu'a, na ce mun ba su. Har sun miƙe suna neman takalma sai ya juyo ya ce, "Af, kada ka ji a bakin wani. Yaron nan ya ajiye koyarwa. Ƙarshen wata zai tafi Zariya ya koyi haɗa injin ban-ruwa mai aiki da sola. Ya ce masu noman rani a Watari man fetur ya gama da su. In ya ƙware, shi zai riƙa haɗa musu."

Da alfahari ya faɗa. Ni kuwa gabana ya faɗi. Na tambaye shi wata nawa zai yi. Ya ce wata uku, wataƙila ya ɗan wuce.

Wata uku. Ni ma haka na ce.

Dole in tsaya a nan in faɗi abin da ban cika faɗa ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai aka yi mini baiko da wata yarinya a unguwar da ke gabas da mu. Aka raba goro gida-gida, kowa ya san tawa ce. Sai wani fatake mai safarar goro ya ce in raka shi Kurmi, in yi wata uku in dawo da abin aure. Na bar mahaifina da ƙanina a gandu na tafi. Shekara biyar na yi a Shagamu. Ba ciwo na yi ba, ba ɗaure ni aka yi ba. Motocin goro suna tashi zuwa Kano duk mako, direbobin sun san ni, akwai masu rubuta wasiƙa a bakin tasha, amma ko gaisuwa ban taɓa aikowa ba. Da farko ina jira in tara abin kirki kafin in yi magana. Daga baya kunya ta hana ni. Yarinyar nan ta zauna shekara uku ba wanda ya isa ya tsaya a ƙofar gidansu, saboda an ci goronta. Sa'o'inta duk suka yi aure suka haihu. A ƙarshe iyayenta suka mayar da kaya, aka aurar da ita can nesa. Mahaifina ya rasu a shekara ta huɗu, ban ji ba sai bayan arba'in. Na dawo gida ba ni da komai sai sana'a ɗaya: na iya ajiye goro.

To, da tsohon nan ya ce wata uku, ba yaronsa na gani ba, kaina na gani. Na ce a raina: muddin goron nan bai shiga gidaje ba, ba a ɗaure Uwata ba. In yaron ya dawo, a raba. In bai dawo ba, in mayar musu da abinsu lafiya lau, ba wanda ya ji. Ban gaya wa kowa wannan shawara ba. Ban kira yaron na tambaye shi ba, ban kira ita ba. Ni kaɗai na yanke.

Goro rai gare shi, in ka ƙyale shi kwana goma ya yamutse. Duk bayan kwana uku, da hantsi, in rufe ƙofa in shimfiɗa tabarma in juye shi. In ɗauki kowane ɗaya in juya a hannu. Wanda na ga ɗan huji a jikinsa, sankara ce ta shiga, in ware shi kafin ya shafi 'yan'uwansa. Wanda ya fara tsiro in ƙwaƙule tsiron da farce. In sake wa kwandon sabon ganye, irin faffaɗan nan da ake naɗe goro da shi, in jera, in rufe da algarara mai ɗan laima. Alewar kuwa na rataye ta a jikin azara saboda kiyashi. Ban ɓoye muku ba, har daɗin aikin na riƙa ji. Hannuna ya tuna abin da ya sani.

Matata ta leƙo wata rana ta same ni a tsakiyarsa. Ta ce, "Malam, wai kiwon goron nan za ka yi har ya haihu?"

Na ce, "Ke dai je ki da aikinki."

Ta ce, "Aikina ke nan ai. Ni ya kamata in raba shi. Matan unguwa sun ishe ni da tambaya, har na fara bin bayan gida in za ni rijiya."

Yaron ya zo ya yi mini sallama ya tafi. Juma'ar farko, bayan an sauko daga masallaci, sai ga saƙon murya a wayar matata. Tata ce babba, ɗanmu ya saya mata, ni tawa ta kira ce kawai. Ta kawo mini ta ce daga Zariya ne, ni aka aiko wa. Na ce ba na ji. A ganina rashin ladabi ne yaro ya yi wa babba magana ta cikin waya, ba durƙuso ba cire takalmi. Ba ta yi gardama ba. Ta koma tsakar gida ta ɗora wayar a kan turmi ta ƙure murya, ta ci gaba da tankaɗe. Danga ba ta tare magana. Na ji komai.

Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata da ke ciwo. Ya ce ya sauka lafiya, ya samu ɗaki shi da wasu mutum biyu a bayan shagon maigidansa. Ya ce ranar farko ba a ba shi komai ya taɓa ba sai tsintsiya, shi da ya saba yara su share masa aji. Ya yi dariya. Ya ce a sa shi a addu'a.

Juma'a ta biyu ma haka. Ta uku haka. Ya ce ya haɗa waya a juye ya ƙona wani abu, maigidansa ya sa shi ya kwance ya sake haɗawa sau shida. Ya ce ya hau rufin kwano karo na farko. Wata uku ya cika, bai dawo ba. Na ce a raina, to, ga shi nan an fara. Amma Juma'ar ta zo da saƙonta: maigidan ya samu aiki a fadamar Haɗeja, ya ce ya bi shi ya ga yadda ake sa injin a rijiyar burtsatse, zai ƙara wata biyu. Ya faɗi sunan ƙauyen, ya faɗi gidan da ya sauka, ya ce ko da za a neme shi. Daga can ya riƙa ba da labarin barkono da shinkafa, da yadda wani manomi ya tsaya yana kallon ruwa na fita ba ƙarar inji ba hayaƙi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ni ina ɗaki ina juya goro, kunnena yana tsakar gida. Matata ta sani. In zan fita masallaci takan ce, "Yau Juma'a ce, Malam, kada ka tsaya hira, ka dawo ka ƙi ji da wuri."

Uwata kuwa tana zuwa gida duk bayan mako biyu. Ta zo ta gaishe ni, ta ba ni labarin makaranta. Ta ce da lemo suka fara koyon allura. Ta ce haihuwar farko da ta gani jiri ya ɗebe ta, sai da aka fitar da ita aka yayyafa mata ruwa, amma ta biyu ita ta riƙe hannun matar har aka gama. In ta gama labari ta ɗauki tsintsiya ta share mini ɗaki, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Ta jawo kwandon nan daga ƙarƙashin gado, ta share wurin, ta mayar da shi daidai inda yake, ta gyara masa algarara. Ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni a kansa ba. Matata ce ta gaya mini cewa a wani bikin ƙawarta 'yan mata sun sa ta a gaba, suna cewa nata goron a kan jaki yake tahowa daga Kurmi. Wai ta yi murmushi ta ce musu yana hannun wanda ya fi kowa sanin goro.

Mahaifiyarta ta tako har ƙofar ɗakina sau ɗaya. Mace ce da tunda mijinta ya rasu ba ta taɓa roƙona komai ba. Ta tsuguna daga waje ta ce, "Yaya, ko akwai abin da ka gani a wurin yaron nan da mu ba mu gani ba?"

Na ce babu.

Ta ce, "To mutane suna cewa an fasa."

Na ce, "Mutane ba su ne waliyyanta ba." Ta tashi ta tafi.

Mafi munin abin da na yi, da bazara na yi shi. Wani mai dillancin filaye a Ungogo ya ga Uwata a motar haya, ya bi diddigi, ya turo mutum biyu. Suka same ni ƙarƙashin ɗorawar gonata ina watsa taki. Suka gaishe ni, suka ce sun ji kamar an yi mata baiko, suna so su tabbatar kafin su shigo. Amsa ɗaya ce ta gaskiya, kuma na san ta. Ni na karɓa, ni na ce mun ba su, a gaban shaidu. Amma sai na ce musu, "Kun ji wanda ya ci goronta?" Suka dubi juna suka ce a'a. Na ce, "To." Ban ce musu su zo ba, ban ce kada su zo ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba. Na yi.

Maganar ba ta yi mako ba ta isa kunnen tsohon nan. Ranar kasuwar Shanono na je sayen igiya, sai na ji an kira ni daga rumfar kifi. Tsohon ne, ya ce, "Malam, zo mana." Tun da ya ce Malam na san yau ba wasa. Ya rame, yana tari, ya ba ni gefen bencinsa.

Ya ce, "Mu ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Kabarin ubana yana nan. In asalinmu ne ba ku so, ka faɗa mini a nan, ni da kai."

Na rantse masa ba haka ba ne. Wallahi ban taɓa tunanin can zuciyarsa za ta tafi ba, kuma ga shi wata da watanni yana ɗauke da wannan.

Ya ce, "To mene ne?"

Na ce ana dai dubawa.

Ya daɗe yana kore ƙuda daga kan kifinsa. Sannan ya ce, "Na shirya in turo a karɓo kayanmu. Na kira yaron na gaya masa. Ka san abin da ya ce? Ya ce kada in kuskura. Ya ce Baba yana da dalilinsa, a bar shi. Ni na rene shi, amma ban san inda ya samo wannan haƙurin ba. Ba a wurina ba dai." Ya naɗe mini kifi biyu a takarda ya tura mini, ya ce, "Kai wa uwargida. Ita ba ta yi mini komai ba."

Mutanen Ungogo ba su dawo ba. Daga baya na ji Uwata ce ta aika musu da kanta, ta bakin wata malamarsu, cewa an ba da ita.

Zafin bazarar nan ya ba ni wahala da goro. Ganye ya yi wuya, masu goro a kasuwa ba sa son rabuwa da nasu. Na koma wanke tsohon ina mayarwa. Sankara ta fara yawa, duk juyi sai na ware huɗu ko biyar. Alewar ta narke ta haɗe ta zama dunƙule ɗaya. A lokacin saƙon Juma'a ya zo daga Legas: maigidan ya tura shi ya sayo farantan sola da injina, ya ce daga can gida zai yi, ya gama. Da na ji ya ambaci Kudu ban iya cin abincin rana ba.

An yi ruwan farko da ɗan dama, kowa yana gyaran sungumi. Ina zaure da hantsi ina ɗaure bakin nawa sai ga sallama. Yaron ne. Ya yi baƙi, ya rame, hannuwansa duk tabo. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ajiye burodi da man zafi na ƙafa. Sannan ya jawo wani ƙunshi a jiƙaƙƙen buhu ya kwance a gabana. Ganyen goro ne, ɗanye shar, an jera shi an ɗaure da zare. Ƙamshinsa kaɗai ya mayar da ni shekara arba'in baya.

Ya ce, "Baba, motarmu ta tsaya a Shagamu, na ga inda ake loda goro. Na ce bari in riƙo maka. Duk tashar da muka tsaya sai na yayyafa masa ruwa, direba har yana tambaya ko magani ne."

Na ce, "Wa ya ce maka ina bukatar ganye?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba wanda ya ce. Na ga zafi ya yi yawa bana. Na ce kada ya lalace a hannunka, mutane su samu abin faɗa a kanka."

A kaina. Wata bakwai na wulaƙanta yaron nan da baffansa, shi kuma ya ɗauko ganye tun daga Kudu don kada a yi da ni. Na ajiye sungumin. Na ba shi labarin Shagamu tun daga farko, abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Ya saurara har na gama bai katse ni ba.

Ya ce, "Na sani, Baba. Mahaifiyarta ta ba ta labarin, ita kuma ta gaya mini tun kafin in tafi. Ita ta ce in riƙa aiko maka da saƙo duk Juma'a, ko ka ji ko ba ka ji ba. Ni da ita ai kullum muna magana. Wancan naka ne."

Na ce, "Ban ji ko ɗaya ba."

Daga bayan danga matata ta ce, "Ƙarya yake, ɗana. Har wanda ka haɗa waya a juye ya sa na maimaita masa."

Yaron ya danne dariya har kafaɗunsa suna motsi. Ni ma na yi, hawaye na zuba a gemuna. Na ce masa gobe za a raba goro, kuma ni da kaina zan je in gaya wa baffansa, in nemi gafararsa.

Da na tashi a take na kira mata, da labarin nan ya ƙare da daɗi. Amma na ce gobe. Kafin gari ya waye aka yi ruwa mai yawa, wanda ake jira. Duk unguwa ta fita shuka, maza da mata, ba kowa a gida da za a kai wa goro. Na ce a gama shuka. Kwana ɗaya ya zama uku. Rana ta uku ina rufe ramin ƙarshe a gonar ƙanina aka aiko cewa tsohon nan ya rasu da safe. Tarin nan ne.

Na je jana'iza da ƙasar gona a ƙafata. Bayan an dawo daga maƙabarta na zauna kusa da yaron a ƙofar gida, na yi masa ta'aziyya. Shi ya matso ya ce mini a hankali, ya gaya wa baffansa tun ranar cewa na amince. Ya ce tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce a gaya wa Bafulatanin nan ya zaɓar masa babba, fari, kada ya ba shi mai sankara. Wannan ya ɗan sanyaya mini. Amma gafarar da na ce zan je in nema, ban nema ba, kuma ba ranar da zan nema a duniya.

Bayan sadakar bakwai yaron ya aiko cewa a raba, baffansa ma abin da yake so ke nan. Na juye kwandon a gaban matata da mahaifiyar Uwata. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Na ce zan cika da sabo, matata ta ce a'a, wannan aka kawo, shi za a raba, ko da ɓari-ɓari ne. Alewar sai da aka fasa ta da taɓarya. Tsofaffin unguwa suka yi ta yabo, wai daɗewar ajiya ta mayar da shi daushe, ba su taɓa cin goron baiko mai daɗinsa ba. Ni ban iya sa shi a baki ba. Na zaɓi babba guda, fari, na ba limaminmu na ce ya yi wa tsohon addu'a.

An ɗaura aure bayan kaka. Uwata ta gama makaranta, yanzu tana aiki a ƙaramin asibiti kusa da Watari, matan ƙauyukan wurin suna kiranta ko da tsakar dare ne. Shi kuma ya buɗe shago a bakin hanya, ya ɗauki mutum uku aiki, har malaman da suka yi koyarwa tare suna zuwa ya nuna musu. Ya sa mini ƙaramin inji a rijiyar bayan gida, bana na ci albasar da na noma da rani, abin da ban taɓa yi ba. Har yanzu yana tafiye-tafiye. Bara suka je Gashuwa tare, ita da shi da jaririnsu, suka nemo dangin kakansa da ba wanda ya taɓa gani. Daga kowace tasha sai sun aiko. Uwata ta ce ta ga kogi, ta ci kifin da bai bushe ba, ta ce dangin miji sun yi mata dariya saboda ta gaishe su da Barbarcin safe da yamma. Watan jiya ta aiko cewa an zaɓe ta ta koma birni ƙarin karatu na shekara ɗaya, shi zai riƙe gida. Na ji zuciyata ta fara tsohon halinta. Na ce mata Allah ya ba da sa'a, ta tafi.

Saƙon Juma'a bai daina zuwa ba. Yanzu ni nake karɓar wayar a hannuna, matata ta nuna mini inda ake dannawa in mayar da amsa. Takan ce ina tsawaitawa kamar mai huɗuba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman dattawa irina da ake kawo wa goron 'ya'yan 'yan'uwa: in kun karɓa kun ce kun bayar, ku kira mata su raba kafin baƙi su kai bakin hanya. In kuwa akwai abin da ke damun ku, ku kira yaron ku tambaye shi a ranar, da bakinku. Kada ku ɗora masa laifin da ku kuka yi tun ba a haife shi ba. Kuma in kun gane kun yi wa wani ba daidai ba, kada ku ce sai an gama shuka.